Ranar da Na Rufe wa Yaya Bitrus Ƙofa

Rahila, Yakubu, da ke auta Lami, na san abin da aka gaya muku a Maradi, domin ni ma an kawo mini labarin har gida, kuma wadda ta kawo shi ba ta rage komai ba. An ce uwarku ta rufe wa wan mijinta ƙofa a gaban jama'ar ikilisiya, ta shiga tsakanin ƴan'uwa biyu ciki ɗaya, har ya bar duniya bai ƙara cin tuwonta ba. Duk an yi haka, ba zan yi musu ba. Abin da ba a gaya muku ba shi ne abin da yake bayan ƙofar. A shekarar kuna wurin kakarku kuna karatu. Kun dawo Arlit hutu kun tarar da tabo a ƙaurin mahaifinku, kun tarar Baba Bitrus ya daina zuwa, babu wanda ya zaunar da ku ya yi muku bayani. Mahaifinku ba zai yi ba, kun san shi, kafin a ciro magana daga bakinsa an gaji. To ni zan yi, tun idona yana ganin rubutu.

Sai na fara da yi wa Yaya Bitrus adalci, don ba na so ku tashi daga karatun nan kuna ƙinsa. Shi ya riƙe mahaifinku tun ubansu ya rasu. Shi ya kawo shi Arlit, ya damƙa shi a hannun wani mai kamyo, babbar motar kaya, ya koyi tuƙi, shi ya je gidanmu neman aurena ya durƙusa a gaban babana kamar shi ne angon. Ya yi rabin rayuwarsa a luzin, wurin da ake niƙa dutsen yuraniyom. A can aka koya masa cewa ƙurar wurin ba abin wasa ba ce: a wanke hannu, a wanke fuska, a bar kayan aiki a wurin aiki, in mutum ya yanke a wanke ciwon nan take. Yaya ya ɗauki darasin har ya wuce waɗanda suka koya masa. Hannuwansa kullum a tsattsage suke saboda sabulu. Ba ya shiga ɗaki sai ya kakkaɓe takalmi a waje. Ya taɓa zuwa gidanmu ya ɗauke mini sabuwar tukunya daga kan murhu, da miyata a ciki, don ya ji an ce maƙerin da ƙarfen mahaƙa yake aiki. Ni nake tsokanarsa da Sarkin Sabulu, shi kuwa ya ce gara shi da Sarauniyar Surutu, mu yi ta dariya. Amma a ƙarƙashin dariyar akwai abin da kowa ya sani. Abokan aikinsa da dama sun fara da tari sun ƙare a maƙabarta, kuma shi yake shiga ramin ya karɓi akwatin.

Lokacin da zinariya ta fito a Tchibarakaten, mahaifinku ya shiga kai wa masu haƙarta ruwa da hatsi. A wata dawowa injin ya yi zafi a tsakiyar sahara, ya sauka ya duba, tiyon ruwa ya fashe, tafasasshen ruwa ya kwarara masa a ƙaurin dama ta cikin wando. Abokan tafiya suka naɗe wurin da rawani, wani ya karɓi tuƙin. Kafin su iso gida rawanin ya manne da nama, ga rairayi, ga mugunya, ga wari tun daga bakin ƙofa. Yaya Bitrus ya riga kowa zuwa. Ya jiƙa rawanin ya ɓamɓare, ya zuba jabel a ruwa, wannan da muke wanke farin kaya da shi, ya sa soso ya wanke ciwon tas, mahaifinku yana cizon matashi. Daga baya ma'aikacin asibiti ya ce wannan wankin na farko ya taimaka, ni ma na yarda.

Wanda ya karɓe mu a asibiti shi ne Majo Alhusseini, babban mai pansama, wato wankin ciwo da ɗaure shi. Mutumin Abzin ne, ɗan masu lambu, dogo, marar gaggawa, Hausarsa irin ta mutanen dutse ce wadda komai a cikinta namiji ne. Ya wanke wurin da ruwan gishiri na asibiti, ya shimfiɗa wani ƙyalle mai maiƙo, ya naɗe, ya ba da ƙwayoyi. Ya ce kada a buɗe, kada a jiƙa, sai ranar da ya sa mana mu dawo.

Washegari da la'asar sai ga Yaya da ɗan bidonsa ruwan ɗorawa, wato jarkar ruwan jabel, da sosonsa. Ya dubi naɗin ya girgiza kai. A wurinsa ciwon da aka rufe a garin nan guba aka rufe a ciki, domin ƙurar mahaƙa tana ko'ina, tana cikin iska, tana kan tabarma, ta riga ta shiga naman tun a hanya. Ya warware, ya goge har jini ya fito, ya ce wannan shi ne jini mai kyau, ya bar ciwon a buɗe ya sha iska ya bushe, in ya tashi tafiya ni in mayar da naɗin. Haka ya riƙa yi kullum in ya tashi daga aiki, ko gida bai je ya ci abinci ba. Ni matar ƙane ce, a gidanmu ba a koya mini tsayawa a gaban wan miji ba. Kuma tsakani da Allah na ɗauka taimako yake yi, don ciwon yana fita jawur, tsaf, ba wari.

Sai dai bai ragu ba. Faɗinsa kamar tafin hannuna ranar farko, bayan wata da wani abu yana nan kamar tafin hannuna, bakinsa ya yi kauri ya naɗe, tsakiyarsa kuma tana ƙara zurfi. Likita ya zo ya duba ya sha kunu. Ya ce ƙauri ba shi da naman kirki, ƙashi yana kusa, in ciwon ya kai ƙashi ba abin da zai iya sai ya tura mu Agadez, can kuma abin da ya fi zato shi ne a yanke daga ƙasan gwiwa. Mahaifinku ya sunkuyar da kai. Direba ne, ƙafar dama ce, ba sai na yi muku lissafi ba. Ni kuwa na dafa bango.

Ranar Majo Alhusseini ya kira ni gefe, ƙarƙashin baranda. Ya ce shi ya daɗe yana wannan aiki, ya san ciwon da aka bari ya huta da wanda ake taɓawa. Ya tambaye ni wa yake buɗewa. Na gaya masa duka. Bai yi faɗa ba. Ya mayar da ni ciki, ya ɗaga ƙafar mahaifinku, ya ba ni wani gilashi mai ƙara girman abu, ya nuna mini wani lungu ta wajen sha-raɓa, inda ƙafar take kwanciya a kan tabarma, soso ba ya kaiwa sosai. A nan na ga wani siririn layi fari-fari, mai ɗan sheƙi, ya ɗan shigo cikin jan naman. A duk kewayen ciwon nan kaɗai yake.

"Wannan fata ne sabo," in ji shi. "Fata ba ya saukowa daga sama, Madam. Daga baki yake tasowa, yana rarrafe. Kin taɓa shuka kabewa?"

Na ce masa ƴar Maradi yake tambaya.

"To in kabewa zai yi yaɗo, yana miƙa ɗan hannu ya kama danga, ya ja jiki gaba. In kowane safe kin cire dangan, mi zai kama?"

Ya zauna ya yi mini bayani a hankali, kuma ban manta ba har yau. Ya ce jiki da kansa yake kafa wannan dangar. Da farko jini ya daskare ya bar wani abu mai danƙo kamar raga a kan ciwon. A cikin ragar jan nama mai tsiro-tsiro yake tasowa, cike da zaruruwa siraran da ido ba ya gani, iri-iri, kowanne da aikinsa. Ya faɗi sunayensu da Faransanci, ɗaya kawai na riƙe, kolajen, don ina ganinsa a jikin robar man shafawa. Ita kuma fata ƴan ƙwayoyi ne ƙanana manne da juna. Waɗanda suke bakin ciwo sai su sassauta riƙon ƴan'uwansu, su baje, su kama zaren da ke gabansu, su ja jiki, su saki na baya, na bayansu su biyo. Zaren ne yake ba su abin kamawa, shi ne kuma yake nuna musu inda za su nufa. Suna son danshi. In wurin ya bushe ya yi ɓawo, sai sun haƙa ta ƙarƙashi, tafiyar ta yi nawa. Ba sa tsayawa sai sun haɗu da waɗanda suka taso daga ɗaya gefen. Ya ce jabel mai ƙarfi yana kashe ƙwayoyin cuta, amma yana ƙona waɗannan ƴan ƙwayoyin tare da zarensu, soso kuma ya kwashe abin da ya rage.

"Wan mijinki yana son ƙanenshi," in ji shi. "Amma abin da yake gani datti, shi ne hanyan. Kullum jiki ya yi, kullum shi ya share. In an bar shi haka, ƙafan nan zai tafi."

Na dawo gida da wannan magana a ƙirjina. Na fara da mahaifinku. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce ya gane, amma shi bakinsa ba zai iya ce wa Yaya a'a ba, mutumin da ya goya shi. Na je wurin Saratu matar Yaya, ta ce tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa ganin ya ɗauki abu ya ajiye don wani ya ce ba. Na je wurin fasto, ya ce a yi haƙuri da juna, a yi addu'a. Na ce amin, amma la'asar tana zuwa. Daga ƙarshe na tari Yaya da kaina. Na durƙusa har ƙasa, na kawo masa ruwa, na ba shi labarin kabewa da danga yadda aka ba ni, na roƙe shi ya zo mu je ya gani da gilashin. Bai katse ni ba. Da na gama sai ya shiga kiran sunayen abokansa da suka mutu, ɗaya bayan ɗaya, idonsa ya kawo ruwa.

"Su ma masu hwarar riga sunka ce musu ba komi," in ji shi. "Ni na sa su cikin rami da hannuna, Hannatu. Ba ni sa ƙanena."

Ya tashi ya shiga ɗaki da bidonsa. Ina tsakar gida ina jin numfashin mahaifinku ta cikin matashi. A ranar na gane ba taurin kai kaɗai ke damun Yaya ba, tsoro ne, kuma ba ni da maganar da za ta fi ƙarfin wannan tsoron. Na gane kuma babu wanda zai tsaya in ba ni ba.

Ranar Asabar Majo ya sake sabon naɗi. Ranar Lahadi bayan sujada mutanen ikilisiyarmu suka biyo gaida marar lafiya. Kun san mu ba mu da yawa a Arlit, in mun taru duka rumfar gidanmu tana ɗaukarmu. Suna zaune ana shan ruwa sai na hango Yaya ya shigo, da rigarsa ta dattijon ikilisiya, da bidon a hannu. Ban shirya yin abin a gaban mutane ba, amma a gaban mutane ya same ni. Na tashi na ja ƙofar ɗakin da mahaifinku yake kwance, na sa kwaɗo, na ƙulle makullin a haɓar zanena, na tsaya a bakin ƙofar. 

"Mi ke nan?" in ji Yaya.

"Yaya, ka yi mini gafara. In gaisuwa ce, ka aje bidon in buɗe maka. Amma ba a ƙara taɓa ciwon ga."

"Ni kika rufe ma ƙohwa? A gidan ƙanena Ishaya?"

Daga ciki mahaifinku ya kira ni, muryarsa ƙasa-ƙasa, ya ce in buɗe wa Yaya. Tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa ƙin maganarsa a gaban mutane ba sai ranar. Ban motsa ba. Fasto ya miƙe zai yi magana, Yaya ya ɗaga masa hannu. Ya daɗe yana kallona, ba da fushi irin na hayaniya ba, da wani kallo da har yanzu in na tuna sai in ji kunya da baƙin ciki tare.

"In ya mutu, ke kika kashe shi," in ji shi. "Ƙahwata ba ta ƙara taka gidan ga. Taki kuma kada ta taka nawa."

Ya juya ya fita da bidonsa. Mutane suka riƙa zamewa ɗaya-ɗaya, wasu ko sallama babu. Da na buɗe ɗakin na tarar mahaifinku ya juya fuska bango. Ya yi makonni ba ya yi mini magana sai ta dole. A zumuntar mata aka daina ba ni waƙa in ja. Saratu in ta hango ni a kasuwa sai ta shiga wani layi. Yaya ya koma yin sujada a Akokan, garin da ke gefenmu inda gidansa yake, labari kuma ya hau mota ya tafi Maradi. Duk wannan bai kai tsoron da nake kwana da shi ba. Maganarsa ta zauna mini: in ciwon ya ɓaci a ƙarƙashin naɗin, ni ce. Akwai ranar da na ga wani ruwa rawaya-rawaya ya ɓullo ta ƙyallen, na tsinci kaina tsaye a gaban kwalbar jabel ɗin wankina. Na bar ta, na ɗauki mahaifinku a adaidaita muka tafi asibiti ba ranarmu ba. Majo ya buɗe, ya shinshina, ya ce wannan ruwan jiki ne, ba mugunya ba. Ya miƙo mini gilashin. Siririn layin nan ya zagaye ciwon gaba ɗaya. Na zauna a ƙasan ɗakin pansama na yi kuka, mahaifinku yana ce mini mutane suna kallo, kuma ita ce doguwar magana ta farko da ya yi mini tun ranar Lahadin.

Daga nan abin ya riƙa tafiya, ba da sauri ba. Daga tafin hannu ya koma kamar ƙwai, ya koma kamar dabino. Akwai lokacin da ya tsaya cik, Majo ya ɗan kankare bakin da ya yi kauri da hannunsa na sani, ya ci gaba. Wata safiya aka buɗe ba a ga jan nama ba, sai fata sabuwa, ja-ja, siririya kamar ɓawon albasa. A hankali baƙi ya riƙa dawo mata ɗigo-ɗigo. Shi ne tabon da kuka tarar. Kafin shekara ta zagayo mahaifinku ya koma kan kamyonsa.

Na ɗauka warkewar za ta gyara komai. Mahaifinku ya je ya nuna wa Yaya, Yaya ya ce wankin da ya yi ne ya fitar da gubar tun farko, shi ya sa. Ban ce ba shi da rabin gaskiya ba. Su biyu suka ci gaba da gaisawa a wurin biki da jana'iza, mahaifinku yana zuwa gidansa, amma shi bai sake zuwa namu ba. In na aika tuwon Kirsimeti sai kwanon ya dawo yadda ya tafi. Na yi kewarsa ƙwarai, ku sani. Babu wanda ya sake ce mini Sarauniyar Surutu.

Bayan ya bar aiki, tarin da ya yi shekaru yana gudu ya same shi. Mahaifinku ya ajiye tafiye-tafiye, kullum yana Akokan a gefen gadonsa. Shi ya ba ni labarin abin da ya faru kwana kaɗan kafin ƙarshe. Ya ce Yaya ya sa shi ya ɗora ƙafar a bakin gado ya naɗe wando. Ya sa babban yatsansa ya bi tabon daga baki zuwa tsakiya, a hankali, ya sake bi. Ya ce a riƙa shafa mata mai kada ta tsage. Can kuma ya tambaya ko Hannatu ba ta zo ba. Mahaifinku ya tuna masa cewa shi ya ce kada ƙafata ta taka gidansa.

"Na ce," in ji shi. Ya rufe ido.

Bai janye ba, ni kuma ban je ba, don na riga na ƙetare maganarsa sau ɗaya a gaban mutane, ban ga yadda zan sake yi masa haka yana kwance ba. Ko ya so in je, ko bai so ba, ban sani ba, kuma ba zan sani ba. Wannan shi ne abin da na biya. In an sake kawo muku zancen a Maradi kada ku yi gardama da kowa, ku ce ta rufe. Ƴaƴan Baba Bitrus kuwa ƴan'uwanku ne, ku neme su ko ba su neme ku ba. In da za a mayar da ni wannan Lahadin zan sake sa kwaɗon, kuma zan sake yin kukan da na yi.

Ranar jana'iza mota ta tsaya inda rairayi ya fara, sai da aka sauke akwatin aka ɗauka a kafaɗa. Mahaifinku ne a gaba ta hannun dama. Ni ina can baya cikin mata, ana waƙa, bakina ya kasa buɗewa. Kowa akwatin yake kallo, ni kuwa ƙafar nake kallo, tana nutsewa cikin rairayi tana fitowa, da nauyin Yaya a kanta. Da aka isa, mahaifinku ya naɗe wandonsa zuwa gwiwa, ya shiga ramin, ya miƙa hannu ya karɓi wansa.